Minti Ashirin da Bakwai

A Tartu, shekarar da kogi ya daskare har cikin Maris,
mahaifina Valdur ya shigo da kwali a hammata.
Wata takwas da ajiye tuƙin bas,
hannunsa bai iya zaman banza ba.

Ya ce, "Maarika, zo ki ga abin mamaki.
Ba tawada, ba takarda, ba gam.
Ki ɗura waƙa, ki zaro faifan, ki kife shi,
ki mayar.
Hasken da ya rubuta cikinsa
shi zai zane masa baya."

Mahaifiyata Helgi na feraye dankali,
ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Nawa faifan?"
Ya faɗa ƙasa-ƙasa, yana kallon murhu.
"Ninki uku ke nan," in ji ta.
"Ga maka can a cikin gwangwani,
tun bara take, ba ta ce ta gaji ba."

Kwamfuta ta zaro harshe, ta lashe faifan.
Muka zauna.
Wani ɗan gurnani, kamar mage na mafarki.
Shayi ya huce, aka sake ɗorawa.
Minti ashirin da bakwai, na ƙirga,
kafin ya fito da ɗuminsa:
toka-toka a kan ruwan zinariya,
mawaƙan cocinmu su arba'in da ɗaya,
kowace fuska kamar ƙwayar riɗi.
Ya ce bai yi baƙi sosai ba.
Ya mayar.
Wasu ashirin da bakwai.

Kowane mawaƙi sai ya sami nasa, haka ya rantse.
Maƙwabcinmu Endel ya leƙo aron tsani,
ya ce, "Da firinta ka yi, da ka gama tun Talata."
Baba ya ce takarda na ɓarewa,
tana sa faifai rawa a cikin na'ura.
Endel ya tafi da tsani, ya bar maganar.

Daren jajiberi faifan musamman suka ƙare,
saura mutum shida, kanti a rufe,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Mama ta goge hannu a gefen siket,
ta ciji murfin maka,
ta rubuta a kan na arha, rubutunta mai jirkicewa hagu:
"Kirsimeti. Mai tari a waƙa ta uku, Valdur ne."
Kwana biyu bai yi mata magana ba.

Yau ni ce ke kwashe ɗakin.
Su biyun suna Raadi, kabari kusa da kabari.
Na tarar da faifan a bakin taga,
inda ranar bazara, wadda ba ta son faɗuwa a nan,
ta yi shekaru tana lasar su.
Mawaƙan sun watse.
Saura wani dishi-dishi kamar numfashi a kan gilashi.
Na Mama kuwa baƙi wuluk,
tarin Baba na nan daram.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu?
In lissafi ne, Helgi ta ci,
ta ci tun tana riƙe da dankali.
Kwamfutata ma ba ta da bakin da za ta karɓi faifai.

Sai dai mutumin nan ba mai magana ba ne.
Shekara talatin yana kallon hanya,
mu muna kallon ƙeyarsa.
A cikin jiran nan ne, faifai na juyawa,
ya gaya mini sunan ƙanensa da ya nutse,
da yadda ya ɓata hanya da gangan ranar da Mama ta fara hawa motarsa,
fasinjoji na ta ihu.
Da maka ce, da daƙiƙa biyar ta ishe shi.

Na karkata faifan a ƙarƙashin fitila.
Layin baya, na biyu daga dama.
Kunne ne, ina jin,
ko kuwa ƙura.