Abin da Hannu Bai Manta Ba

Babana ya manta sunana, damina biyu ke nan.
Wata rana ni ce Tsuruko, ƙanwarsa da teku ta ci,
wata rana “yarinyar nan mai kawo magani.”
Amma da yamma, idan iskar Itoman ta soma kaɗa tagogi,
sai in sa masa tsohon kaset,
in zauna a bakin tabarma, rimot a cinyata.

Mutum shida sun rutsa ɗaya a kan gada.
Naushi ya nufi goshi,
damtse ya tashi sama kamar mai kare ido daga rana.
“Age-uke,” in ji Baba, ko murya bai ɗaga ba.
“Sai dai ya buɗe hammata.
Da a gaban malaminmu Kuniyoshi ne,
da ya koma gida da haƙarƙari biyu a aljihu.”

Na tsayar da hoton. Na mayar baya.
Ƙafa ta taho ta ƙasa, hannu ya share ta gefe
yadda Inna ke share ɓawon kifi daga kan katako.
“Gedan-barai. Wannan ya iya.
Dubi ƙugunsa, yarinya. Ƙugu ne ya yi aikin,
hannu rakiya kawai ya yi.”

Ina da littafi mai shuɗin bango.
Ina rubuta minti, ina rubuta suna.
Minti goma sha bakwai: shuto-uke, tafi a miƙe kamar wuƙa.
Ashirin da uku: juji-uke, damatsa biyu a gicciye,
sanda ta sauka a tsakani ta rasa hanya.
Talatin da ɗaya na bar gurbi,
don wanda ke zuwa daga waje ya shigo ciki
Baba na ce masa soto-uke,
Teruya mai sayar da tofu kuwa ya rantse uchi-uke ne.
Shekara arba’in suna wannan musu a bakin kasuwa,
Teruya ya mutu bai yarda ba.
Har yau idan wurin ya zo
Baba kan juya ga kujerar da babu kowa
ya ce, “Ka gani ko?”

Sai jarumin ya yi tsalle, ya juya sau uku a iska,
ya kaɗe takobi da dunduniya.
Na ɗaga biro ina jira.
“Wannan ba shi da suna,” in ji Baba.
“Rawa ce. An biya shi ne ya yi kyau.”
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Likita ta ce ƙwaƙwalwa gida ce
da ake kashe fitilunta ɗaki bayan ɗaki.
Ban tambaye ta me ya sa wannan ɗakin ke ci har yanzu ba,
nawa kuma ya yi duhu.

Daren jiya miyar garahuni ta zubo masa a haɓa.
Na miƙa tsumma da sauri, ban yi magana ba,
sai hannun nan mai shekara tamanin da huɗu,
wanda ba ya iya ɓalle maɓalli,
ya zagayo, ya kaɗe nawa gefe,
ya maƙale min wuyan hannu.
Tsumma ya faɗi.

Na ce, “Kake-uke.”
Ni ma ban san na haddace ba.

Ya dube ni, ya daɗe, bai saki ba.
“Waye ya koya miki?”
“Kai ne.”
“To bai gaya miki duka ba.
Uke ba tarewa ba ce. Karɓa ce.
Abin da ya taho maka, ka karɓe shi tukuna.”

Ya juya tafina, yana duban zanensa
kamar mai neman minti a kaset.
A talabijin mutane na ta faɗawa ruwa.
Miyar ta huce.
Ban janye hannun ba.