Tsakanin Kusa da Nesa

Kawu Barau ya bar mini akwatin katako
mai ƙafa uku, mai wuya kamar zugazugin maƙeri,
da baƙin mayafi mai warin taba,
da ɗan madubin mai gyaran agogo rataye a zare.
Bai bar mini gona ba. Wannan ce gonar.

Ran Talata da la'asar na kai shi Kakuri,
na kafa shi gaban masaƙar da ta daɗe da yin shiru.
Baba Ishaya ya zo da tsohon katin aikinsa a aljihu,
ya dafa kwaɗon ƙofa da hannun da ya rasa yatsa guda.
Ya ce, "'Yar nan, ɗauki hannun nan,
amma bututun hayaƙin can ma ya fito,
don a san inda yatsan ya tafi."

Na shiga mayafi, duniya ta kife.
A kan dusasshen gilashi Kaduna na tafiya da ka,
sama ta koma tabarma,
mai rake ya wuce, silifas ɗinsa na taka gajimare.

Na murɗa, hannu ya fito,
har jijiya, har tsatsar kwaɗo,
bututu kuwa ya narke kamar kunu.
Na murɗa baya, bututu ya miƙe, ana ƙirga bulonsa,
hannu ya zama hazo.
Taura biyu ke nan a baki guda.

Na so in sunkuyar da goshin akwatin,
dabarar da ke haɗa bakin kogi da gada a zane ɗaya,
amma ƙofa tsaye take, bututu tsaye,
tsoho ma tsaye.
Abin da ya ƙi kwanciya, karkata ba ta shirya shi.

Sai na tuna Kawu, da goro a kumatu:
"Tasalla, ba a gardama da gilashi, aunawa ake."
A gefen dogon da akwatin ke zamewa
ya manna 'yar takardar awo, birona shuɗi ya kusa gogewa.
Na ɗiga alama inda hannu ya bayyana,
na ɗiga alama inda bututu ya bayyana.
Milimita uku kacal tsakaninsu!
Tsawon ƙwayar dawa,
ga shi ta haɗiye filin masaƙa, da ciyawa,
da shekarun da ba a biya ba.

Na tsaya a tsakiya, inda babu wanda ya fito sosai,
inda kowa ya ɗan yi rangwame.
Na tsuke idon akwatin zuwa talatin da biyu,
kafar haske ta koma kamar hujin allura.
Na kara madubi a kusurwa huɗu, ina laluben duhu.
Ashe ganin nesa da kusa tare
da haske ake sayensa,
hasken kuma da lokaci.

Hadari ya haɗo daga wajen Sabon Tasha.
Na ce, "Baba, daƙiƙa biyu, ko ƙiftawa kada ka yi."
Ya yi dariya har kwaɗo ya motsa.
"Daƙiƙa biyu? Ni da na shekara ashirin a bakin ƙofar nan?"

Na zare marfi. Ɗaya. Biyu.
Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya.

Da dare na toshe tagar banɗaki da bargo,
na wanke takarda a tasar awara ta Inna.
Hannu ya taso daga ruwa, yatsu huɗu da gurbi,
bututu ya biyo shi, bulo bayan bulo.
Awo bai ci amana ba.

Abu ɗaya ne takardar Kawu ba ta ƙirga ba:
tsattsewa da suka tashi daga bakin bututu
daidai lokacin da na ce biyu.
Ba su tsaya mini ba, sun zama baƙin shafi
mai murɗewa zuwa sama.

Na kai masa hoton ina shirin ba da haƙuri.
Ya nisanta shi, ya kusanto da shi,
ya sa yatsa a kan shafin, ya daɗe.
Ya ce, "Bar shi haka.
Ashe ranar an tada inji."