Amfanin Baba Nomau

A gidanmu, a Aliero,
amfani abu ne mai nauyi:
bisa jaki ake aza shi, a ɗaure da igiya.
In Baba Nomau ya ce, "Bana amfani ya yi kyau,"
albasa yake nufi,
jajaye, masu sa ƙato ƙwalla.

Sai da na fara bin sa kasuwa
na ga kalmar ta sauya riga.
Dillali ya taɓa buhu da ƙafa, ya murɗa baki:
"To ni, mi amfanina ciki?"
Nan take amfani ya koma la'ada,
ya shige aljihun wani ko sallama babu.

A asibitin Jega an rubuta wa Inna Ige a jikin kwalba:
a yi amfani da shi sau uku a yini.
Sau biyu take sha.
Sauran, in ji ta, ciwo ba ya aiko da goron gayyata.

Ƙanena Tunau kuwa, shekarar zaɓe,
hula aka ba shi da kuɗin mai.
Ya yi ihu har murya ta dushe.
Ana gama rantsuwa waya ta daina shiga.
An ci moriyar ganga,
ga kwauren nan a zaure yana gyangyaɗi.

Yanzu gwiwar Baba ta ƙi fadama.
Mai ɗori ya lalluba, ya girgiza kai:
ba karaya ba ce, shekaru ne,
su kuwa ba a ɗora su.
Sai ya wuni gindin rudu yana faɗin,
"Nawa amfani ya ƙare, saura ɓarnar tuwo."

Jiya bayan la'asar ya ɗaga hanci.
"Ku buɗe rudun gabas, akwai ruɓaɓɓa can ƙasa."
Ni da na yi boko, albasar da ba ta yi halin ruwa ba,
na tsaya gardama.
Muka yaye ciyawa, muka tona.
Guda ɗaya ce tak,
har ta fara jiƙa maƙwabtanta.

Bai ce uffan ba, ni ma kunya ta hana ni.
Na wurga ta bayan danga.
Kafin in juyo
wata kaza ta iso da 'ya'yanta bakwai
tana tsince tsutsotsin ciki.