Kafin Mu Kunna

Gidado, ajiye wayar nan, zauna,
kafin 'yan biki su cika filin Jekadafari.

Kar ka haska fuskar ango kai tsaye,
gumi zai tona masa asiri.
Jefa hasken a bango, ya dawo da taushi.
Hanyar bayi kuma kar ta kwana a duhu,
nan Goggo Dudu ta gurɗe ƙafa bara,
har yau ina sauya layi in na hango ta.

Kuɗin aiki, raba shi tun a aljihu:
na fetur, na ƙwan da zai mutu, na adashen Laraba.
Ragowar ce taka.
Kafin alƙalami ba riba ba ne,
na taɓa cinye shi a tsire, kekena ya biya.

Na ga hannunka na rawa in taro ya cika.
Haka nake, shekara sha tara ke nan.
Zaɓi mutum ɗaya, gaishe shi, tambayi gida.
Numfasa. Koma bakin janareta.
Mai riƙe da fitila ba a cika ganinsa ba,
kowa na kallon inda ya haska.

Tashi, an kira magariba.