Ruwan Cikin Akwati

Daren Juma'a a Dichato,
jikana Baltasar ya kunna talabijin,
ya ce, "Kaka, zo ki zauna, yau duniya za ta tashi."
Na jawo kujera, na ɗora ƙafa kan tsohuwar komar kifi.

Ga birni mai dogayen benaye,
ga wani masani yana yawo da takarda ofis-ofis,
ba mai sauraronsa.
Na ce, wannan kam sun yi gaskiya.

Can sai igiyar ruwa ta miƙe tsaye,
shuɗiya, tsaf-tsaf, kamar an wanke ta da sabulu,
kiɗa na biye da ita.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Yaro, namu bai zo da kiɗa ba.
Cikin duhu ya zo, bayan ƙasa ta gama rawarta,
baƙi ƙirin, yana warin man jirgi da ruɓaɓɓen kifi,
ɗauke da firiji, da ƙofar gidan Ermelinda,
da wani alade yana juyi kamar tulu.
Ƙararsa kuwa, sai ka ce ana zazzage tsakuwa kan rufin kwano.

Dubi jarumin nan.
Kwana uku a ƙarƙashin gini,
haƙora fari fat, suma kwance luf.
Karensu ma ya tsira. Kullum kare yana tsira.
Namu a kan reshe aka same shi bayan mako guda,
ban bar uwarka ta gani ba.

A fim, mai mutuwa ana ba shi lokaci,
ya riƙe hannun matarsa,
ya yi wasiyya, ya nemi gafara, ya lumshe ido a hankali.
Kakanka Floridor cewa ya yi, "Bari in duba kwalekwale."
Kalma huɗu.
Ni kuma na ce ya ɗauki rigar sanyi.
Da wannan muka rufe aure na shekara talatin da ɗaya.

Talla ta katse: omo, sabuwar mota, man goge baki.
Baltasar ya tashi ɗauko burodi.
A namu daren ba a tafi hutun talla ba.

Jirgi mai saukar ungulu ya iso, rana ta fito,
aka rungume juna, sunaye suka fara hawa sama.
Nan suka tsaya, daidai inda namu ya fara:
layin karɓar ruwa, layin cika takardu,
laka a aljihun tebur, laka a cikin Littafi Mai Tsarki,
hotunan biki sun manne da juna,
in ka ɓamɓare, fuska ta biyo yatsa.
Sanyi biyu a ɗakin katako bisa tudu.
Wa zai sayi tikiti ya kalli wannan?
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

"To Kaka, me ya sa kike kallo?"

Ban amsa ba.
Ban gaya masa ba, wasan ƙarfe takwas ma ba ya wuce ni,
wanda mijin da ya ɓace a teku
ya dawo a kashi na tamanin da gemu, ya manta sunansa,
matar ta saki faranti ya fashe.
Na san ƙarya ce.
Amma ranar, sai da na leƙa ƙofa.

Na ce, mayar mana baya.
A'a, ba wajen ruwan ba, can farko,
inda mata ke cinikin tumatir,
wani yana neman makullin mota,
wata na yi wa mijinta faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba.
Yauwa. Tsayar da shi nan.

Ya danna. Kowa ya sandare da bakinsa a buɗe,
ba wanda ya san kome tukuna.
A waje teku na numfashi kamar saniya mai barci.
Na ce, bar su haka,
bari in gama shayina.