Mai Wankin Kwalabe a Sheffield

Ƙarfe goma na dare nake karɓar makulli.
Ruwan garin nan bai san rani ba,
yana ƙwanƙwasa tagar bene na huɗu
kamar mai bin bashi.

A kusurwa akwai kwalba mai dogon wuya,
an liƙa mata takarda: kada a taɓa.
Wata bakwai tana kan wuta.
Dakta Morag ta ce tekun farko take kwaikwayo,
tun duniya ba ta da mai kallonta.

Na ce, me kika zuba?
Ta ƙirga da yatsu:
kabon, ɗan gidan su gawayi;
iskoki biyu da suka haɗa kai suka zama ruwa;
naitirojin, wanda manoma ke bin layi dominsa;
farar wuta;
sai fosfaras na gefen kwalin ashana,
wai har a ƙashina akwai shi.

Na yi dariya har tsumma ya suɓuce.
Ai rabin kayan nan
suna madafin Goggo Tasalla a Funtuwa:
gawayi a kwando,
ashana a saƙon bango,
farar wuta a ƙullin leda saboda ƙazuwar awaki.
Ita kuwa iyakarta tuwo.

Dakta ta ce taurari ne suka toya yawancinsu,
suka mutu, suka bar gado.
Na dubi tafina da sabulu ya tsattsaga.
Ashe magajin taurari ne
ke goge tebur a kan fam goma sha biyu.

Bara waya ta same ni a nan, safar roba a hannu.
Goggo ta cika bayan azahar.
Na san da an auna ta a lokacin,
ba abin da ya ragu:
ƙarfen jininta na nan, gishirin hawayenta na nan.
Kaya sun cika,
mai kaya ce ta fita.

Ban faɗa wa Dakta ba.
Ita tana neman ƙofar shiga,
ni ta fita ce ta hana ni barci,
wataƙila ƙofar ɗaya ce.

Kafin asuba nakan sunkuya gaban kwalbar.
Ruwan ya yi ja kamar shayin da aka manta.
Ba motsi.
Duk da haka nakan yi sallama ƙasa-ƙasa,
in ɗan jira,
sannan in kashe fitila,
in bar wutar yadda aka ce.