Mitir Biyu Ya Ishe Ni

A layin ƴan gwanjo na babbar kasuwa na gan su,
uku a buhu guda, a naɗe kamar tabarma.
Mai kayan ya ce tanti ne na ƴan yawon duniya.
Na warware ɗaya: ba ƙofa, ba turaku,
sai bakuna a jere, zare huɗu, mariƙi biyu.
Ni tela ne, hannuna ya san yadin da aka ɗinka don ruwa.
Wannan laimar, don ta sha iska aka yi ta.

Barmo mai walda ya ce, "Ɗauki ƙaramar."
Na ce, "Ƙato kamata da mitir biyu? A Maradi? A yi da ni a shayi?"
Na zube jika tara, na saɓi mai mitir biyar,
ja da baƙi, ta fi ƙofar shagona faɗi.

Lahadi, a fakon da ke bayan hanyar Tibiri,
iskar bazara ta taso da ƙanshin ruwan da bai iso ba.
Na ja zare. Ta cika ciki, ta miƙe tsaye,
ta dube ni daga sama kamar mai bin bashi,
sai ta tafi da ni.
Ban san fakon nan na da tsawo ba
sai da na auna shi da haƙarƙari.
Takalmina ɗaya na can har yau gindin wata aduwa.
Tsahara ta raba dare tana bin bayana da matsefata,
ba ta ce uffan ba.
Ƙarangiyar ta fi shirun nan sauƙi.

Litinin na koma. Mai kayan ya dubi goshina,
ya miƙo ƙaramar. Bai maido canji ba, ban tambaya ba.

Sati uku ina tsaye ina koyon halinta.
Ja dama, ta karkata dama. Sassauta, ta hau.
Zaren baya linzami ne,
taɓa su kaɗan ta durƙusa kamar raƙumi.
A tsakiyar iska bijimi ce,
a gefe kuwa yaro ma ya riƙe ta yana shan rake.
In ta kai saitin kai sai ta tsaya cik tana lumfashi,
ni ma in samu in share zufa.

Barmo ya yanka tsohon gadon ƙarfe,
ya sa tayoyin baro uku,
da kujerar roba ta gidan biki wadda ƙafafunta suka ƙare.
Ƙafa ke tuƙi, hannu na sama.
Karon farko na bi iskar kai tsaye,
zare ya saki, laima ta faɗo gabana, na take abata.
Ashe ba a bin ta. Ratsa ta ake yi,
kamar mai tsallaka gulbi ran da ya kawo.

Da na gane, wayyo!
Ba inji, ba hayaƙi, ba kuɗin mai,
sai tsakuwa na tsalle ƙarƙashina,
zare na kuka siriri kamar sauro a kunne.
Yara masu jirgin leda suka biyo ni da ihu,
na bar su, na bar Barmo yana ɗaga hula,
na bar shekara arba'in da shida a inda na taso.

Dab da magariba iska ta ɗauke, ba sallama.
Laima ta sauko a hankali, ta kwanta kan sabara.
Gari ya yi nisa, fitilunsa kamar gero a faifai.
Wani mai amalanken albasa ya tsaya, ya ƙare mini kallo,
ya ce, "Malam, ina jakin?"
Na nuna sama.
Ya duba, ba komai sai shirwa ɗaya mai komawa gida.
Ya ce, "To, ba ya cin dusa, amma ba ya jin kira."
Ya ɗaura kekena a bayan nasa,
muka shigo gari da tafiyar jaki, ina warin albasa.

Babbar kuwa, na je na sake sayen ta, jika huɗu,
na kafa mata sanduna, ita ce rumfar shagona.
In iska ta taso ina jin ta tana fizgar igiya,
tana tuna mini.
Sai in dube ta, in dubi tabon gwiwata,
in ce, "Zauna nan. Lahadi da ƙanwarki zan fita."